Damargu ma ta taɓa samun nata ƙaurar namun daji

Kowace shekara, tsakanin Yuli da Oktoba, masu yawon buɗe ido kan yi tururuwa zuwa gaɓar kogin Mara domin ganin dabbobin nan masu kama da ɓauna da ake kira wildebis, fiye da miliyan ɗaya, suna tsallakawa daga Serengeti ta Tanzaniya zuwa Kenya. Matasa da dama sun sha ganin bidiyon a waya. Kaɗan ne suka san cewa filayen Tanut da Belbeji, a arewacin jihar Damagaram, sun taɓa ganin irin wannan tafiya.

Mariri ne ke yin ta, farar dabba mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu kamar takobi. Da saukar damina garkunansa kan bi sabuwar ciyawa su nufi bakin Sahara, idan rani ya tsananta su gangaro kudu. Farauta da bindiga a cikin mota, da farin 1973 da na 1984, da rijiyoyin da suka kai shanu wuraren da a da ba sa kaiwa, su suka gama da shi. A 2000 ƙungiyar IUCN ta ayyana cewa babu sauransa a daji. Chadi ta sake sakin wasu a 2016, sun kuma hayayyafa.

Abin da ya rage na tafiyar yana hannun makiyaya. Fulani da Buzaye na ratsa Damargu da damina, wasu har Ingal wajen gishiri, alhali gonaki na ta cin burtali duk da dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa.

Mai son kallon namun daji yau sai ya nausa yamma da Belbeji, zuwa gandun Gadabeji a jihar Maradi, wanda aka keɓe tun 1955. A Nuwamban 2018 an kai raƙuman dawa takwas can daga Kure, kusa da Yamai. Akwai barewa ma. Sai dai baƙi sun yi ƙaranci tun harin Kure na 9 ga Agustan 2020, da ya hallaka Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, kuma hanyar Gadabeji yashi ce da ba ƙaramar mota ke iya bi ba.