Kiriteriyom: Tseren Keken da Mata 'Yan Sha'awa Ke Yi a Titunan Amurka

Kiriteriyom, wanda masu yin sa ke taƙaitawa su ce kirit, wani nau'i ne na tseren keke da ake yi a kan gajeriyar hanya da aka hana motoci bi, inda mahaya ke ta kewaya wuri guda har lokacin da aka ɗiba ya cika. Daga Faransanci sunan ya fito, ma'anarsa kuwa gwajin da ake tantance gwani da shi. A ƙa'idar USA Cycling, wato hukumar da ke kula da tseren keke a Amurka, tsawon zagaye ɗaya yana kamawa daga mita 800 zuwa kilomita 5, sai dai akasarin hanyoyin ba sa wuce kilomita ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa tituna huɗu ne na tsakiyar gari ko na unguwar masana'antu ake datsewa da shinge a ƙarshen mako. Turai ce mahaifar tseren keke, amma a Amurka kirit ya yi kaka-gida, domin rufe hanya mai tsawon kilomita 100 yana buƙatar izinin hukumomi da dama da 'yan sanda da kuɗi masu yawa, alhali ƙaramar ƙungiya tana iya datse tituna huɗu na yini guda ba tare da ta karye ba. Wannan araha ce ta mai da shi ƙofar da mata da yawa a can ke fara shiga gasa ta cikinta.

Matan da ake magana a kansu ba da keke suke ci suke sha ba. Akwai malaman makaranta da ma'aikatan jinya da ɗalibai da masu 'ya'ya, waɗanda ke yin atisaye da asuba kafin su tafi aiki, su sayi kekensu da kuɗinsu, su kuma biya kuɗin rajista a kowace gasa. Hukumar ta kasa mahaya rukuni biyar, inda na biyar yake na sababbin shiga, na ɗaya kuma na gwanayen da ke gab da zama ƙwararru, kuma galibi ana hawa daga wannan rukuni zuwa wancan ta hanyar tara maki a gasanni. Sabuwar shiga tana iya yankar lasisi na yini ɗaya ta gwada sa'arta, ta manna lambarta a bayan riga, ta ɗaure hular kwano, wadda ba a barin kowa ya hau ba tare da ita ba.

Tseren 'yan sha'awa yakan ɗauki minti 30 zuwa 45, kuma da lokaci ake auna shi tun farko. Bayan an yi 'yan zagaye, alƙalai sukan lissafa saurin ayarin, su fitar da adadin zagayen da ya rage, su riƙa nuna shi a kan allo a bakin layin ƙarshe, har zuwa lokacin da za a kaɗa ƙararrawa alamar saura zagaye ɗaya. Ana kuma kaɗa ta a tsakiyar tsere don shelar abin da ake kira firim, wato ƙaramar kyauta ta kuɗi ko ta kaya da ake ba wadda ta fara tsallake layi a zagaye na gaba, kuma amfaninsa shi ne hana mahaya yin sanyi su bar komai sai ƙarshe. Wadda tayarta ta yi faci ko aka kayar da ita tana da damar zuwa wurin gyara da aka keɓe a gefen hanya, ta canza taya, a mayar da ita cikin ayarin da take ciki ba tare da an ƙirga mata zagayen da ta rasa ba, amma wannan rangwame yana ƙarewa idan tseren ya zo gangara. Wadda kuwa ayari ya bari a baya har ya kusa kewayowa ya cim mata, alƙali yana iya ɗaga mata hannu ta fita, don kada ta zama haɗari ga masu zuwa.

Wanda bai san wasan ba zai ɗauka cewa mai ƙarfin ƙafa ce ke cin kirit, amma babbar abokiyar gabar mai keke iska ce, wadda a irin wannan gudu take cinye mafi yawan ƙarfin da ake zubawa a feda. Mahayiyar da ta lafe a bayan wata tana rage wa kanta kusan kashi ɗaya cikin uku na wahala, shi ya sa ake tafiya a dunƙule, taya kusa da taya, tazarar da ke tsakani ba ta kai kamu ɗaya ba a wajen gwanaye. Saboda haka wadda ta ɓata minti goma tana jan ayari a gaba don nuna bajinta ta yi wa abokan hamayyarta aiki ne kyauta, kuma ba abin mamaki ba ne a ga sun wuce ta fyu a mita 200 na ƙarshe.

Sai dai bayan ayari ma ba wurin hutu ba ne, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi yaudarar kansu. Idan aka tunkari kwana, na gaba sukan shige ta ba tare da sun taɓa birki ba, na tsakiya su ɗan rage gudu, na baya kuwa sai sun matse birki sosai domin hanya ta cushe, sannan da fitarsu daga kwanar su tarar da na gaba sun yi nisa, dole su miƙe tsaye a kan feda su bi su da iyakar ƙarfinsu. Haka ayarin yake miƙewa yana tsukewa kamar roba. Idan zagaye kilomita ɗaya ne mai kwana huɗu, aka kuma yi minti 40 ana gudun kilomita 36 a awa, to zagaye 24 ke nan, kwana 96, kuma wadda ta zauna a baya ta yi gudun ceton rai sau 96 yayin da ta biyar a layi take juya feda cikin natsuwa. Mata da yawa da suka fi kowa ƙarfi a atisaye sukan sha mamaki idan ayari ya yar da su tun minti goma na farko, su koma gida suna zaton ƙarfi ne ya gaza, alhali rashin sanin inda za su tsaya ne ya ci su.

Ita kanta kwana tana da nata ilimi. Mahayiya takan riƙe ƙasan lanƙwasasshen kan keke domin jikinta ya yi ƙasa kuma yatsunta su kasance a kan birki, ta sauke fedar da ke waje ta danna nauyinta a kai, ta ɗaga ta ciki don kada ta daki kwalta idan keke ya karkata, sannan ta kafa ido a mafitar kwanar maimakon tayar da ke gabanta. Idan za a rage gudu, kafin shiga ake ragewa, domin matse birki a tsakiyar kwana yana miƙar da keke ya nufi shinge. Babban laifi a wajen mahaya shi ne mutum ya sauya layinsa ba zato, shi ya sa ake yawan jin ana daka wa juna tsawa cewa kowa ta riƙe layinta. Haka kuma wadda ta bari tayarta ta gaba ta shige gefen tayar baya ta wadda ke gabanta ta jawo wa kanta, domin da zarar ta gaban ta ɗan kauce, ta bayan ce ke shan ƙasa. Faɗuwa ba baƙon abu ba ce a kirit, kuma raunukan da aka fi gani su ne ɗayewar fata a cinya da gwiwar hannu da karayar ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa.

Ta hanya biyu ake cin tseren. Ko dai wasu 'yan kaɗan su ɓalle daga ayari, su riƙa karɓa-karɓa wajen tarar iska, yayin da abokan ƙungiyarsu da suka rage a baya ke ƙin taimakawa wajen bin sawu, ko kuma a iso layi a dunƙule a raba gardama da gudun ƙarshe. A wannan hali na biyu, kwanar ƙarshe ce ke yanke hukunci, domin wadda ta fito daga cikinta tana ta goma sha biyar ba ta da filin da za ta wuce mutane ko da ta fi su sauri. A kan layin ma akwai dabarar miƙa hannuwa a tura keke gaba, wadda da ita Connie Carpenter ta doke Rebecca Twigg da 'yar tazara a Los Angeles a 1984, shekarar da aka fara tseren keke na mata a wasannin Olamfik.

Duk waɗannan dabaru ba a koyon su a kaɗaice, sai a cikin taro, kuma nan ne matsalar tseren mata take. Mata 'yan tsiraru ne a cikin masu lasisi, ta yadda a ƙananan gasanni za a iya samun maza hamsin a rukuni guda, mata kuwa ba su fi goma sha biyu ba duk da an tattaro su daga rukuni daban-daban. Mai shirya gasa, wanda awoyin rufe titi ƙididdigaggu ne a wurinsa, sai ya haɗa su a tsere ɗaya, wani lokaci har da sabuwar shiga da wadda ta shekara goma tana gasa. Sakamakon a bayyane yake: gwanaye su tafi abinsu, sabuwar ta ƙare tana kewaya titi ita kaɗai har a fitar da ita, ba ta koyi komai game da tafiya cikin ayari ba, kuma da wuya ta sake biyan kuɗin rajista. Rashin dawowarta sai ya zama hujjar mai shirya gasa ta ƙin ware wa mata lokaci a shekara mai zuwa. Ƙari a kan haka, yawan makin da ake samu ya danganta da yawan waɗanda suka shiga tseren, don haka ƙarancin mahaya yana jinkirta hawa rukuni. Doka ta yarda mata su shiga tseren maza, kuma masu ƙarfi suna yin haka don su saba da cunkoso, amma wannan magani ne ga waɗanda suka riga suka iya, bai warware wa mai koyo komai ba.

Ba wai mata baƙi ba ne a wannan fage. Gasar Somerville a jihar New Jersey, wadda mai shagon keke Fred Kugler ya kafa a 1940, tana kiran tseren matanta da sunan 'yarsa Mildred, wadda ta zama zakarar ƙasa a wannan shekara. A 2008, lokacin da aka fara gasar Red Hook a unguwar Brooklyn da dare, da kekunan da ba su da birki, mace ce, Kacey Manderfield, ta doke mazan da suka shiga, amma sai a 2014 aka ware wa mata nasu tseren. Manyan gasanni irin su Tulsa Tough a jihar Oklahoma, mai kwana uku, da Tour of America's Dairyland a Wisconsin, wadda ke haura kwana goma, suna jawo mata daga jihohi masu nisa, kuma a can ne 'yar sha'awa ke ɗanɗana tsere mai cikar ayari.

Abin da ya fi yin tasiri shi ne darasin da ƙungiyoyi ke shirya wa mata sababbin shiga, inda gogaggu ke tafiya tare da su suna nuna musu yadda ake bin taya da shan kwana da jure gogayyar kafaɗa. Ta ƙungiyar Century Road Club Association, mai shirya tsere a dandalin Central Park na birnin New York, Evelyn Stevens ta fara gasa tana ma'aikaciyar harkar kuɗi, kuma a 2016 ta kafa tarihin duniya da tafiyar kilomita 47.980 cikin awa ɗaya. Kristen Faulkner ma a irin wannan darasi ta fara a wannan dandali a 2017, ta kuma ci zinare a tseren titi na Olamfik a Faris a 2024. Ba kowace mai zuwa darasin ke neman kaiwa can ba, yawancinsu burinsu su gama tsere cikin ayari su koma aiki ranar Litinin da fatarsu lafiya.

Bidiyon waɗannan gasanni ya wadata a intanet, har da waɗanda mahaya ke ɗauka da kyamarar da suke ɗaurawa a kan keke. Mai karatun da ya buɗe ɗaya ya bar kallon wadda ke jan gaba, ya sa ido a kan ta huɗu ko ta biyar a layi, ya ƙirga sau nawa ta taɓa birki.