Yadda Ake Sassaƙa Tangaran da Tartsatsin Lantarki

Duk makanikin da ke gyaran mota a Nima ko Maamobi, unguwannin Zango na birnin Akra a ƙasar Gana, ya san fulogi. Farin ɓangaren nan na jikinsa tangaran ne da ake yi da sinadarin alumina. Amfaninsa shi ne ba ya barin lantarki ya ratsa shi, kuma yana jure zafi. Sai dai taurinsa ya sa magagari ba ya cinsa, in kuma aka matsa masa sai ya tsage. Saboda haka akan goge irin wannan tangaran da dutsen wāshi mai ɓarɓashin daiman, aikin da ke da tsada.

Akwai wata hanya. A shekarar 1943, Boris Lazarenko da matarsa Natalya, masana a Tarayyar Sobiyet, suka gano yadda za a sassaƙa ƙarfe da tartsatsi. Mai walda yana narkar da ƙarfe don ya haɗa shi. Wannan inji kuwa gutsurarsa yake yi. Akan nutsar da ƙarfen cikin mai irin kananzir, a kusanto masa da sandar tagulla ba tare da sun taɓa juna ba. Tartsatsi dubbai na tashi tsakaninsu a daƙiƙa ɗaya, kowanne ya narkar da ɗan mitsitsin wuri, mai ya wanke ɓarɓashin.

To, ga matsala: tartsatsi ba ya tashi sai lantarki na bin jikin abin da ake sassaƙawa, tangaran kuwa ba ya ɗaukar lantarki. A shekarun 1990, Yasushi Fukuzawa da Naotake Mohri na ƙasar Japan suka samo mafita. Sai a lulluɓe tangaran da siririn ƙarfe, tartsatsin farko ya tashi a kansa. Zafin yakan farfasa man, baƙin kabon ya fito kamar kunkunniya ya manne wa tangaran. Wannan baƙin yana ɗaukar lantarki, don haka ko lulluɓin ya cinye, aiki na ci gaba.

Shi ya sa ake amfani da mai ba ruwa ba, domin ruwa ba shi da kabon. Hanyar tana da jinkiri, kuma in baƙin ya yanke, tartsatsi ya tsaya ke nan.