Meriya: wane aiki take yi mana, kuma da kuɗin wa?

 Tambayoyi a kan ma'aikatar magajin gari, wadda kowa ya fi sani da meriya, ba sa yankewa a layin wayarmu. Wani takardar haihuwar ɗansa yake nema. Wani ya aiko kuɗi an saya masa fili, yana son ya san ko takardar da aka ɗauko masa hotonta ta isa. Wani kuma cewa yake tun da an rushe kansiloli, ai biyan lanho ya faɗi. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu warware zancen a rubuce, yadda wanda ya rasa shirin zai iya karantawa, ya kuma karanta ma na gida.

Mu fara da wannan ta ƙarshe. Ƙasarmu tana da ƙananan hukumomi 266, daga ciki 214 na karkara ne. An yi zaɓensu na farko a duk faɗin ƙasa a watan Yulin 2004, aka sake a 2011, sannan a watan Disambar 2020. Tsarin shi ne jama'a su zaɓi kansiloli, su kuma kansilolin su fidda magajin gari da mataimakansa daga cikinsu. Majalisar tana zama sau huɗu a shekara, ita ke amincewa da kasafin kuɗi, sarakunan gargajiya kuma suna da kujera a ciki, suna ba da shawara amma ba sa jefa ƙuri'a. A watan Afrilun 2024 hukumomin ƙasa suka rushe waɗannan majalisu, aka naɗa kantomomi su riƙe ƙananan hukumomin. Abin da ya canja ke nan: mai sa hannu. Amma rajistan haihuwa yana nan inda yake, sakatare janar yana nan, ma'aji yana nan, ma'aikacin da ke rubuta takardu yana kan teburinsa. Kasuwa tana ci duk mako, shara tana taruwa, mata suna haihuwa. Lanho ma bai faɗi ba.

Aikin meriya da ya fi taɓa kowane gida shi ne na rajista: haihuwa, aure, mutuwar aure da rasuwa. Dokar da aka yi a 2019 ta ba da kwana 60 a je a faɗi haihuwa, kuma faɗin kyauta ne. Ba sai an yi tattaki zuwa babban garin ƙaramar hukuma ba. Likitar da aka haihu a cikinta wurin faɗi ce, kuma ƙauyuka da yawa suna da littafinsu a hannun maigari ko wani da aka ɗora ma aikin. Daga can ake kai bayanin meriya, a shigar da shi cikin babban rajista, a sa hannu, sannan takarda ta fito.

A nan ne mutane da dama ke tuntuɓe. Ƴar takardar da ungozoma ko malamin likita ya ba ku ranar haihuwa, ba ita ce takardar haihuwa ba. Shaida ce kawai cewa an faɗi. Sai kun koma kun karɓo ta ainihi mai hatimin meriya. Ku leƙa ofishin rajista na kusa da ku, za ku ga takardun da aka gama rubutawa jibge suna jiran masu su, wasu har sun yi ja don ƙura. Uban yaro yana ganin ya gama, alhali rabin hanya ya tsaya.

Akwai kuma zancen suna. Mu dai sai ranar bakwai ake raɗa ma yaro suna, don haka sau da yawa ana sallamar mai jego ba a cika gurbin sunan ba. An sha suna, an ci rago, kowa ya watse, babu wanda ya tuna ya koma ya faɗi sunan. Kwana 60 kuwa kamar yau ne, kafin mai jego ta gama wankan arba'in saura kwana 20 kacal. Muna ganin abin da ya fi sauƙi shi ne a ɗora ma mutum ɗaya wannan aikin tun ranar suna, kamar yadda ake ɗora ma wani rabon goro.

In wa'adin ya wuce, zance ya bar hannun meriya ya koma na alƙali. Sai an je kotu da shaidu, alƙali ya yanke hukuncin da ke tabbatar da haihuwar, sannan a dawo da shi meriya a shigar. Kuɗin mota, kuɗin tambur, abincin shaidu, kwana biyu ko uku ba a je gona ba: abin da yake kyauta ya koma na jikkuna. Lokaci lokaci alƙalai suna fitowa ƙauyuka su yi zaman ba da waɗannan takardu a taron jama'a, kuma duk sanda muka samu sanarwa muna faɗi a rediyo. Amma ba abin dogaro ba ne, don ba kowace shekara ake zuwa kowane gari ba. Yaron da ba shi da takarda yakan shiga lakwal lafiya lau, sai ya kai ajin jarrabawa a ce ina takarda. Katin ɗan ƙasa, takardar shaidar zama ɗan Nijar da kotu ke bayarwa, fasfo, duk daga takardar haihuwa suke farawa. Wanda ya taɓa tsayuwa a shingen jami'an tsaro a hanyar Agadas ko ta Kwatano ba shi da kati, ba ya bukatar mu yi masa dogon bayani.

Ku kuma da ke waje, yaron da aka haifa a Kano ko Abijan ba a meriyar garinku za a rubuta shi kamar a nan aka haife shi ba. Ku karɓi takardar ƙasar da kuke, ku kai ta ofishin jakadancin Nijar ko ƙaramin ofishinsa, irin wanda ke Kano. Masu aiko da suna ta waya a yi ma yaro takarda a gida da wata ranar haihuwa ta daban, suna haɗa masa rikicin da zai tashi ranar da takardun biyu suka haɗu a tebur ɗaya.

Rasuwa ita ce aka fi sakaci da faɗinta. An yi jana'iza, an yi sadakar uku da ta bakwai, shi ke nan. Sai ranar rabon gado, ko ranar da matar mamaci za ta nemi fanshonsa, ko a fidda ɗan abin da ya bari a banki, a ce sai da takardar rasuwa. Ban da haka, mamacin da ba a faɗi rasuwarsa ba yana nan cikin jerin masu biyan lanho, kuma maigida ne zai ci gaba da biya masa.

To, ga mu a kan kuɗi. A yawancin ƙananan hukumomin karkara lanho sefa 700 ne a kan kowane baligi a shekara, dala ɗari da arba'in ke nan a ƙirgenmu na kasuwa. A birane ya fi haka. Masu gari da masu unguwa ke tattarawa, galibi da kaka sanda hatsi ya shigo, su kai ma ma'aji, a ba su wani kaso na wahalarsu. Mu yi lissafi tare. A ce ƙaramar hukuma tana da masu biya 20,000. In kowa ya biya, miliyan 14 ke nan. In rabi suka biya, miliyan 7. Daga ciki za a biya ma'aikata wata 12, a sayi man mota, a sayi rajista da takardu, a biya wuta. Ku faɗa mana nawa zai rage na gina aji ko gyaran famfo.

Shi ya sa kasuwa ta zama gonar meriya. Tikitin rumfa, kuɗin da ake karɓa a kan dabbar da aka kawo kara da wadda aka sayar, na mahauta, na tasha, na ƴan kabu-kabu da masu amalanke, su ne kuɗin da ke shigowa kowane mako. Garin da ke da babbar kasuwar dabbobi ya fi maƙwabcinsa numfashi nesa ba kusa ba. Akwai kuma abin da ke zuwa daga gwamnati, wani ta hannun hukumar ANFICT da aka kafa don tallafa ma ƙananan hukumomi, da kashi 15 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai da man fetur da doka ta ware ma yankunan da ake haƙo su, sai kuma ayyukan ƙungiyoyi. Waɗannan ba kullum suke zuwa a kan kari ba.

Mun san amsar da ake ba mu: mun biya ba mu ga komai ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya a wurare da yawa, ba za mu ɓoye ba. Sai dai ku dubi yadda kuɗin ke zurarewa. Mai karɓa ya zo rumfarka, tikiti na dala ashirin ne, ya ce kawo dala goma ka bar tikitin. Kai ka ga ka ci riba, shi ya sa a aljihu, meriya ba ta ga ko dala ba. Tikitin nan da ake yaga maka, gindinsa yana komawa wurin ma'aji, da shi ake ƙirga abin da mai karɓa zai zuba. Kuɗin da aka biya ba tikiti, babu littafin da ya san da shi. A tsarin aiki ma an raba hannu biyu da gangan: magajin gari ko kantoma shi ke ba da umurnin a kashe, ma'aji shi ke riƙe da kuɗin, shi ke fiddawa. Prefe kuma yana duba ko abin da aka yanke ya dace da doka. Kasafin kuɗin ƙaramar hukuma ba asiri ba ne, ɗan gari yana da damar ya nemi sanin abin da ke ciki. Da can mutum yakan tare kansilan ƙauyensu a wurin suna ko a bakin masallaci ya tambaye shi. Yanzu da babu kansila, wannan ƙofa ta ragu, sai ta hannun maigari, ko ƙungiyoyin mata da matasa da ƴan kasuwa, ko wannan rediyo taku. Mu a ganinmu kantoman da ya fito ya karanta ma jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita, ko sau ɗaya a shekara, ya fi samun lanho a kan wanda ya tura ƴan sanda kasuwa.

Tun 2016 gwamnati ta miƙa ma ƙananan hukumomi wani ɓangare na aiki a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Gina azuzuwan firamare da gyaransu, ƙananan likitoci, rijiyoyi da famfunan ƙauye, duk da hannun meriya a ciki. Ƙananan tankunan ruwa na ƙauyuka mallakar ƙaramar hukuma ne, takan ba ɗan kasuwa ya tafiyar da su a kan yarjejeniya, don haka in ruwa ya ɗauke mako guda ko aka ƙara kuɗin jarka ba bayani, meriya ce wurin kai kuka. Wutar NIGELEC kuwa ba tata ba ce, haka babbar hanyar kwalta, kada a ɗora ma kantoma laifin da ba nasa ba.

Saura zancen fili da gona, wanda ya fi shafar ku ƴan ci-rani. Tun dokar karkara ta 1993 aka kafa kwamitocin kula da filaye. Akwai na ƙauye, COFOB, wanda maigari ke shugabanta, akwai na ƙaramar hukuma, COFOCOM. Su ke ba da takardar shaidar saye, ta kyauta, ta aro, ta jingina ko ta gado, bayan an kira maƙwabtan gona an zagaya iyaka a gaban shaidu. Su ne kuma ke sa ido a kan burtali da makiyaya, kuma da su ake shawara kafin hukuma ta tsaida ranar sakin gonaki bayan girbi. Dabbar da ta yi ɓarna kafin wannan rana, akwai wurin da meriya ke tsare ta har a sasanta a biya, ba a ɗaukar sanda.

Filin gini a cikin gari daban ne. In meriya ta yanka filaye, takardar da take bayarwa tana ɗauke da lambar rukuni da lambar fili da sunan mai shi. Kafin ku aiko ko jika ɗaya, ku sa wanda kuka amince da shi ya je ofishin filaye na meriya da waɗannan lambobi, a buɗe rajista a ga sunan wa ke ciki, a kuma je a tsaya a kan filin a ga turakunsa. Bayan an biya, a koma a juya takardar zuwa sunanku, ba sunan ƙane ko aboki ba, ko da kuwa uwa ɗaya uba ɗaya kuke. In ba za ku iya zuwa da kanku ba, ku yi takardar wakilci a ofishin jakadancin Nijar da ke ƙasar da kuke, ku aiko ta tare da hoton katinku.