Ƙwayoyin Cuta Masu Riƙe Shunayya da Cibiyar Jariri

A wannan fitowa, shafin lafiya zai yi magana a kan wani rukuni na ƙwayoyin cuta da muke zaune tare da su kullum, a gona, a garke, har a kan fatar jikinmu. Dalilinmu shi ne, har yanzu akwai ƙauyukan da ake binne jariri bai cika mako biyu ba, a ce iska ce ta taɓa shi ko kuwa mayu ne, alhali ta cibiya cutar ta shiga, kuma ana iya hana ta.

Wane rukuni ke nan?

Bakteriya wasu halittu ne ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A shekarar 1884 wani likita ɗan ƙasar Denmak mai suna Hans Christian Gram ya gano hanyar rarrabe su da rini. Akan shafa majina ko mugunya a kan gilashi, a zuba rini mai launin shunayya, sa'an nan a wanke. Waɗansu ƙwayoyin sukan riƙe launin, kamar zanen da ya kama baba a marina, domin bangon jikinsu yana da kauri. Waɗansu kuwa launin yakan fita, sai a sa musu wani rini ja kafin a gan su. Masu kawo kwalara da taifot suna cikin kashi na biyu. Na farkon, masu riƙe shunayya, su ne maganarmu ta yau.

Wannan gwaji yana taimakon likita ya san maganin da zai fara da shi. Penisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928, yana aiki ne ta wurin hana ƙwayar gina wannan bango nata. Saboda haka in an ce mu kawo majina ko a ɗebi mugunya domin gwaji, kada mu ɗauka ɓarnar kuɗi ce.

Cututtukan da suke kawowa

Mun san su, ko da ba mu san dangi ɗaya ba ne. Maruru da gyambon da ke yin mugunya yawanci aikin wata ƙwaya ce da ke zaune a fata da cikin hanci. Wata kuma tana kawo ciwon haƙarƙari, wato namoniya, da wani irin sanƙarau. Akwai mai kawo ciwon maƙogwaro ga yara, wanda in ba a yi maganinsa ba yana iya lalata zuciya bayan shekaru. Akwai mashaƙo, wanda ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022, ya bazu zuwa Yobe, Katsina, Bauchi da Borno a 2023, aka kuma gan shi a yankin Damagaram a Nijar. Yawancin yaran da ya kama ba su kammala rigakafi ba ne. Sai kuma tetanus, wadda za mu tsaya a kanta.

Yadda tetanus take shiga

Ƙwayar tetanus tana cikin ƙasa da kashin dabbobi. Takan kulle kanta kamar iri, ta yi shekaru tana jira. Ba ta son iska, shi ya sa rauni mai zurfi da ƙaramin baki ya fi mata daɗi: taka ƙusa, sukar ƙaya, sarar fartanya. Da ta shiga sai ta farka ta fara fitar da dafi mai bin jijiyoyi, har jiki ya sandare. Ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum, kuma wanda ya taɓa yinta ya warke yana iya sake kamuwa in bai yi allura ba.

Ga jariri, ƙofarta ita ce cibiya. In an yanke ta da tsohuwar reza ko wuƙa, ko an ɗaure da zare mai datti, ko an shafa toka, ƙasa, kashin shanu ko man goge baki, ko an gasa ta da tsumma marar tsabta, an buɗe wa cutar hanya. Haka kuma askar wanzami in ba a dafa ta ba, wajen cire beli, kaciya ko tsaga.

Jaririn yakan zo lafiya, yana kuka yana shan nono kwana biyu na farko. Tsakanin kwana 3 zuwa 14, sau da yawa daidai lokacin suna, sai ya daina kama nono domin muƙamuƙinsa ya ƙage. Jikinsa ya yi tauri, bayansa ya lanƙwashe, yana zabura in an taɓa shi ko an yi ƙara. In kun ga haka, ku yi addu'a a kan hanya, amma ku kai shi babban asibiti nan take. Kafso na kemis ba ya karya dafin, sai allura ta musamman da jinya a ɗaki marar hayaniya. Ko a asibiti ma da yawa ba sa tashi, shi ya sa rigakafi ya fi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 1988 jarirai kimanin 787,000 ne tetanus ta kashe a duniya. A 2018 adadin ya sauko zuwa kimanin 25,000. Ba wani magani mai tsada ya kawo wannan ba, allurar uwa ce da tsabtar haihuwa.

Abin da za mu yi

1. Kowace mai ciki ta fara awo da wuri. Za a yi mata allurar tetanus a zuwan farko, ta biyu bayan mako huɗu. Kariyar da jikinta ya samu takan wuce zuwa ga jaririn tun yana ciki. Ta uku bayan wata shida, ta huɗu da ta biyar shekara ɗaya-ɗaya a tsakani. Allura biyar suna kare mace dukan shekarunta na haihuwa. A adana katin.

2. A haihu a asibiti in da hali. In haihuwa ta zo a gida, ungozoma ta wanke hannu da sabulu, ta yi aiki da sabuwar reza da zaren da aka tafasa, a kan shimfiɗa mai tsabta.

3. Kada a shafa kome a cibiya sai man kulohezidin da ma'aikatan lafiya ke bayarwa domin cibiya. Ba a sa shi a ido.

4. A kai jariri allurar Penta a mako 6, 10 da 14. Tana kare shi daga tetanus da mashaƙo, ana kuma haɗa ta da allurar namoniya. A asibitin gwamnati kyauta ne.

5. Manomi ko yaro in ya ji rauni, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a je asibiti ran nan a tambayi allurar tetanus.

6. In likita ya rubuta magani, a sha yadda ya faɗa har kwanakin su cika. Sayen kafso biyu a kasuwa, ko farke shi a zuba a gyambo, yana sa ƙwayoyin su daina jin magani.

Aikin ikilisiya

Basamariyen nan na Luka sura 10 bai wuce mai rauni ba. Ya tsaya ya yi wa raunukan magani, ya ɗaure, ya kai shi inda za a yi jinyarsa. Muna roƙon Zumuntar Mata ta rubuta sunayen masu ciki a kowace ikilisiya, ta riƙa tambayar katinsu. Maza su ba da kuɗin mota ranar awo. Fastoci da dattawa su yi sanarwar ranar rigakafi bayan sujada. Kakanni mata kuma, ku ne kuke wankan jariri, maganarku ce ake ji a kan cibiya, ku taimake mu. Maƙwabtanmu da ba na ikilisiya ba ma a gaya musu, gama cutar ba ta tambayar addini.

Tambayoyi domin tattaunawa: Me ake shafa wa cibiya a ƙauyenmu? Mata nawa a cikinmu suka kammala allura biyar? Wa zai kai mai naƙuda asibiti in dare ya yi?

Ubangiji ya raya mana 'ya'yanmu, ya ba mu hikimar kula da su. Amin.