BASHIN MAGANI: SHIN HUKUNCIN KOTU YANA TSUFA?

Daga Wakilinmu a Katsina

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To amma a cikin basussuka babu wanda ke kama mutum ba shiri kamar bashin jinya, domin shi ciwo ba ya jiran ƙarshen wata, ba ya kuma tambayar ko an biya albashi. Ƙididdiga ta nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan kiwon lafiya a Nijeriya daga aljihun masu jinya da danginsu suke fitowa. Wanda ya taɓa kwana da majinyaci a Babban Asibitin Katsina, ko Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ya san ma'anar wannan lissafi tun kafin a karanta masa.

Abin lura kuwa shi ne, da yake a yawancin asibitoci sai an biya kafin a yi aiki, galibin bashin magani a garin nan ba asibitin kansa ke bin sa ba. Masu binsa su ne mai kantin magani na unguwa wanda ya ba da allurai bisa amana, da mai ƙaramin asibitin kuɗi wanda ya yi tiyata aka biya rabi, da ɗan kasuwa ko abokin aiki wanda aka buga wa ƙofa da tsakar dare ya ba da rance. Idan biya ya gagara, zumunci ya tsinke, sai magana ta kai gaban alƙali.

Mu ɗauki misali. A ce wani ƙaramin ma'aikaci a Ƙofar Marusa ya ci bashi don a yi wa maiɗakinsa aiki wajen haihuwa, ya kasa biya, aka kai shi ƙara, kotu ta yanke hukunci a shekarar 2017 cewa ya biya. Mai bin bashin ya ga babu abin da zai kama, sai ya ninke takardar ya ajiye. Yau kuma ya ji labarin an yi wa mutumin ƙarin girma har ya sayi mota. Shin yana iya zaro tsohuwar takardar nan ya sa a kama motar? Shi kuma wancan, yana iya cewa magana ta tsufa?

WA'ADI IRI BIYU

Da fari dai ya kamata mai karatu ya rarrabe tsakanin wa'adi biyu waɗanda jama'a ke yawan cakuɗawa. Na ɗaya shi ne wa'adin kai ƙara. Dokokin ƙayyade lokaci na jihohi sun ba mai bin bashi shekara biyar ko shida, gwargwadon jihar da ake ciki, ya shigar da ƙara tun daga ranar da biya ya wajaba. In ya yi sakaci lokacin ya wuce, kotu ba za ta saurare shi ba, ko da kuwa gaskiya na gare shi. Sai dai kuma idan wanda ake bi ya amsa bashin a rubuce, ko ya biya wani abu daga ciki, to lissafin kan koma sabo daga wannan rana.

Na biyu shi ne wa'adin zartar da hukunci, watau bayan an yi shari'a an gama. Wannan yana ƙarƙashin wata dokar Tarayya mai asali tun shekarar 1945, wadda ta tsara aikin jami'an kotu masu zartar da hukunci, tare da ƙa'idojin da aka yi a ƙarƙashinta. Ita ce ke aiki a Babbar Kotu da kotunan majistare. Ƙa'idojin sun ce wanda ya yi nasara yana da shekara 6 daga ranar hukunci ya nemi takardar kama dukiyar wanda ake bi. In kuwa takardar da yake nema a kan jikin mutumin ce, watau wadda za ta iya kai shi ga tsarewa, to shekara 2 kacal gare shi.

Idan waɗannan shekaru suka cika, ba wai bashin ya mutu ba ne. Abin da ya faru shi ne ƙofar da take buɗe ta koma rufe, sai an ƙwanƙwasa. Dole mai bin bashi ya koma gaban alƙali ya nemi izni, ya bayyana abin da ya hana shi motsi duk tsawon lokacin nan, alƙali kuma ya duba ya ga ko hanzarin nasa abin karɓa ne. Saboda haka a misalinmu na sama, damar kai tsaye ta ƙare tun 2023. Motar nan ba ta kamuwa sai da sabon izni. Amma shi ma mai motar kada ya saki jiki, gama ƙa'idar ba ta tilasta a sanar da shi kafin a nemi iznin ba. Yana iya wayar gari kawai ya ga jami'an kotu a ƙofar gida.

ABIN DA AKE IYA KAMAWA

Dokar ta bi abin daki-daki. Ana fara kama kayan da ake iya ɗauka, kamar mota ko babur ko kayan kanti, a yi gwanjonsu. Ba a taɓa gida ko gona sai an tabbatar wa kotu cewa waɗancan ba su isa biya ba. Haka kuma kotu na iya umartar banki ya fitar da kuɗin daga ajiyar wanda ake bi, abin da ya kamata ma'aikata masu karɓar albashi ta banki su sani. An keɓe tufafi da shimfiɗa da kayan sana'ar mutum daga kamu, amma iyakar na Naira 10. A zamanin da aka rubuta wannan adadi kuɗi ne masu auki. Yau kuwa ko ƙwayar maganin ciwon kai da ƙyar su saya. Wannan kaɗai ya isa nuna cewa dokar na bukatar gyara.

Wani abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, talauci ba laifi ba ne. Kotu kan kira wanda ake bi ta binciki halinsa, tana kuma iya yanka masa biya kaɗan-kaɗan. Tsarewa ta wanda yake da hali ne ya ƙi biya, ko ya ɓoye dukiyarsa. Bugu da ƙari Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kurum. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa, ta sanya tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba ga wanda ya saɓa.

A GABAN ALƘALIN SHARI'A

Tun daga shekarar 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, kotunan Shari'ar Musulunci suka maye gurbin kotunan yanki a Jihar Katsina, kuma nan ne talakawa da yawa ke kai ƙarar bashi. Su suna da nasu ƙa'idojin, kana mazhabar Malikiyya da suke bi tana duban al'amarin ta wata fuska. Akwai hauzi, wanda a cikinsa mutumin da ya zuba ido wani bare na cin moriyar gonarsa shekara 10, yana nan kuma bai yi magana ba, ba a sauraren da'awarsa. Amma bashin da ya tabbata a wuyan mutum tsufa ba ya kayar da shi. Hatta mutuwa ba ta shafe shi, domin sai an fitar da bashi daga dukiyar mamaci kafin a raba gado.

Sai dai Shari'ar da ta tsananta wa mai cin bashi ita ce kuma ta ja kunnen mai bi. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, ta kuma nuna cewa yafewa ta fi alheri. Aya ta 282 kuwa, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, ta yi horo a rubuta bashi a kafa shaidu. Da jama'a na bin wannan horon, da rabin rigingimun da ke cika kotunanmu ba su taso ba.

Saboda haka shawara ga wanda hukunci ke hannunsa ita ce kada ya kwanta a kansa, musamman da yake hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 30 cikin 100 a shekarar 2024, tana cin darajar kuɗin kullum. Wanda ake bi kuma kada ya guje wa sammaci. Ya je ya faɗi halin da yake ciki, ya nemi biya kaɗan-kaɗan, ya kuma adana ko wane rasiɗi, domin bayan shekara takwas takarda ce za ta yi magana, ba baki ba.

Daga ƙarshe, rigakafi ya fi magani. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa ko wane ɗan ƙasa shiga tsarin, Jihar Katsina kuma tana da hukumarta ta asusun taimakekeniyar lafiya. Ranar da wannan tsari ya kai ga mai faci da mai sayar da ƙosai kamar yadda ya kai ga ma'aikacin ofis, ran nan ne magidanci zai daina fita daga ɗakin jinya ya faɗa ɗakin shari'a. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma warware wa masu bashi.