Zogale a Abincin Bahaushe da Amfaninsa ga Lafiyar Jiki

Bahaushe ya daɗe yana cin zogale, ko da yake akan ɗauke shi abincin talaka. Ganyen nan kuwa yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke haddasa dundumi, musamman ga yara da masu juna biyu. Jiki ya fi tsotsar wannan sinadari idan akwai maiƙo, saboda haka kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ya fi dafaffen ganye zalla amfani.

Inda ake yin hasara shi ne wajen sarrafawa. Shanya ganye a rana kan rage wannan sinadari. Inuwa ta fi. Haka kuma doguwar dahuwa da jefa kanwa kan lalata bitamin C, balle a tsiyaye ruwan a zubar.