Sunan Waƙar Sujada a Kan Fim Ɗin Gidan Rawa

Duk wanda ya ga sunan "Rock of Ages" zai tuna da waƙar sujadar nan da Augustus Toplady ya rubuta a Ingila a ƙarni na 18. To, akwai wani fim ɗin Amurka na 2012 mai wannan suna, amma shi daga waƙar ƙungiyar Def Leppard ta 1983 ya samo nasa.

Adam Shankman ne ya ba da umarni. Labarin wata 'yar ƙauye ce da ta tafi birnin Los Anjeles a 1987 neman suna a fagen waƙa. An jero tsofaffin waƙoƙin rok na Journey da Bon Jovi da Poison, Tom Cruise kuma ya rera nasa kason da bakinsa. Nan daɗin fim ɗin yake, gama da tsohuwar zuma ake magani. Mu da muka saba da finafinan Indiya da na Kano mun san yadda waƙa take riƙe mai kallo.

Amma labarin ba shi da nauyi, an ɗinka shi ne kawai domin waƙoƙin su sami wurin shiga. Dala miliyan 75 da aka kashe ba su dawo ba a gidajen sinima. Ga shaye-shaye, ga tsiraici, shugabar matan ikkilisiya masu adawa da gidan rawar kuwa an mai da ita munafuka.

Iyaye a Wurno da Rabah da Goronyo, yanzu ta wayar hannu fim yake shiga gida. Mu bincika kafin 'ya'yanmu su kalla, kada suna ya ruɗe mu.